Wandon ruwa na shiga daji: yadda ake zaɓen wanda ƙaya ba za ta cinye ba

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya kutsa daji a ƙarshen damina ya san ba sai sama ta zubo ba mutum ke jiƙewa. Raɓar da ta kwana bisa gamba da ƙyasuwa kaɗai ta isa. Kafin rana ta ɗaga wando ya yi sharkaf tun daga idon sawu har cinya, ya manne a jiki, ya yi nauyi. Ba banza ba Bahaushe ya raɗa wa tsokar bayan ƙwauri suna sha-raɓa. Shi ya sa da damina ta kama za ka ga kasuwanninmu na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai sun cika da rigunan ruwa da wandunansu, sababbi cikin leda da kuma na gwanjo, wanda muke ce wa bosho.

Sai dai mafi yawansu an yi su ne don mai tafiya bisa titi, ko ɗan kabu-kabu da ke zaune kan babur ɗinsa. Maharbi kuwa ba titi yake bi ba. Shi da makiyayi da mai tsaron gona da mai neman itace, ƙaya da zufa ne ke kashe musu wandon ruwa tun kafin ruwan sama ya samu nasa rabon. Mutum ya fidda kuɗin da ya tara, ya sayi wando mai ƙyalli, fita biyu ya dawo da shi a tsattsage, ko kuwa ya tuɓe shi a tsakiyar daji don ya dafa masa cinya. A kan wannan za mu yi bayani, tun daga yadi har zuwa faci.

Dajin da za a shiga

Ruwan da muke samu ba shi da yawa in aka gwada da ƙasashen kurmi. Maraɗi na samun wajen milimita 500 a shekara, Tawa da Damagaram ba su cika kai haka ba, can Gaya ne ake kaiwa kusan 800. Amma duk cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka, mafi yawa cikin Agusta, lokacin malka. Yakan zo da ƙarfi ya wuce, rana ta buɗe, ƙasa ta dinga turiri. Ke nan a yini guda mai wandon ruwa zai iya yin awa ɗaya cikin ruwa, awa biyar cikin zafi da jiƙaƙƙen haki.

Ga kuma abin da ke jiransa a hanya. Magarya da sarƙaƙiya ƙayarsu lanƙwasasshiya ce kamar ƙugiya: ta kama yadi, kai ka ja gaba, ita ta riƙe, sai ka ji ƙyat. Bagaruwa, aduwa da ɗunɗu tsini gare su miƙaƙƙe, huda suke yi, ramin kuma ɗan ƙarami ne, ba ka ganinsa sai ruwa ya nuna maka. A bakin fadama da gulbi akwai gumbi. Inda kaba ta yi yawa, kamar wajen Gulbin Kaba, gefen hannun kabar tamkar zarto yake. Sabara, geza da kalgo ba su da ƙaya, amma gogar da suke yi wa gaban wando yini bayan yini ita ke cinye shafen da ke bisa yadi, kuma kututturen da aka sare ya bushe yakan yi tsini. Sai uwa uba ƙarangiya, wadda ke nuna daidai lokacin da raɓa ta fi yawa, Satumba zuwa Oktoba.

Kakanninmu sun san da wannan. Maharbin da ya ɗaura walki na fata saboda ƙaya ya ɗaura shi, makiyayi kuma ya yafa kabido na kaba saboda ruwa. Abu biyu ne dabam, kowane da aikinsa. Wandon ruwa na zamani so yake ya haɗa aikin biyun a yadi guda, a nan kuma wahalar take.

Kafin mu shiga batun yadi, tunatarwa guda. Doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ita ce ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar. Farauta na da lokacin buɗewa da na rufewa, akwai wuraren da aka hana ta ɗungum kamar gandun W da na Gadabeji, akwai kuma dabbobin da ba a taɓawa ko da wane lokaci, irin raƙuman dawan Kure. Tsakiyar damina lokacin haihuwa ne da ƙyanƙyasa ga zabin daji, fakara da zomaye. Mai niyyar fita ya fara bi ta wurin ƴan gandun daji na yankinsa ya ji inda aka kwana.

Yadi iri huɗu

Na farko shi ne wanda kowa ya sani, mai kama da tampol, wato yadin da aka lulluɓe da robar PVC. Ruwa ba ya ratsa shi sam, laka ba ta kama shi, da an watsa masa ruwa ya fita fes. Amma iri biyu ne, kuma a nan ake cutar mutane. Akwai na leda zalla, wanda babu zare a cikinsa ko kuwa zaren ɗan siriri ne. Wannan ko magarya ɗaya ba ya tsallakewa, kuma da ya fara tsagewa ba ya tsayawa. Akwai kuma mai kauri na masunta da ma'aikatan gini, wanda in ka juya cikinsa za ka ga saƙaƙƙen yadi sosai. Shi kam yana jure ƙaya, yana kuma karɓar faci. Aibinsa uku: nauyi, ƙara, da rashin fitar da zufa ko kaɗan. Wanda zai zauna wuri guda a bakin tabki yana jiran kirinjijiya ko dinya zai ji daɗinsa. Wanda zai bi karnuka cikin daji da rana tsaka, wallahi azaba zai saya.

Na biyu nailan ne ko foliyesta da aka shafa wa wani gam mai suna foliyuritan ta ciki, a takarda ana rubuta shi PU. Ya fi na farko sauƙi da laushi, shi ne kuma ya fi yawa cikin bosho. Ƙarfinsa ya danganta ga kaurin zaren waje. Babban ciwonsa tsufa: zafi da laima suna ruɓar da shafen a hankali, ya fara danƙo, ya yi wari, daga nan ya dinga ɓarewa kamar saɓar maciji. In ya kai nan babu magani.

Na uku shi ne mai tsadar, wanda aka sa wa wani siririn tantani a tsakanin yadi. Tantanin yana tare ɗigon ruwa amma yana barin tururin zufa ya fita. Wanda ya fi suna shi ne Gore-Tex, daga binciken da wani Ba'amurke, Bob Gore, ya yi a 1969, yadin kuma ya shiga kasuwa a 1976. Yau kamfanoni da dama na da irin nasu. Ana yin sa hawa biyu, biyu da rabi, ko uku. Mai hawa uku, wanda aka manne yadin waje, tantani da yadin ciki suka zama abu guda, shi ya fi ƙarko. Mai biyu da rabi ba nauyi, amma cikinsa ɗan fenti ne kawai ke kare tantanin, gogar gwiwa da gumi na saurin cinye shi.

A nan akwai abin da mai talla ba zai gaya maka ba. Tururin zufa yana fita ne in iskar waje ta fi ta cikin wando sanyi da bushewa. A Turai da arewacin Amurka, inda ake farauta cikin ruwa mai sanyi, haka abin yake, shi ya sa suke yabon yadin. Mu a nan cikin Agusta iskar waje kanta ɗumi gare ta, ga laima, to ina tururin zai tafi? Yana fita, amma kaɗan. Saboda haka mutum na iya biyan kuɗin tunkiya ya sayi wando, ya dawo gida a jiƙe, ya rantse yoyo yake yi, alhali zufarsa ce. Ga shi kuma tantanin bai fi takarda kauri ba, ƙayar bagaruwa ba ruwanta da tsadarsa. In yadin waje ba mai kauri ba ne, kuɗin sun tafi.

Na huɗu yadin auduga ne mai kauri da aka shafe da kakin zuma ko wani kaki, irin wanda maharban Ingila da Amurka ke sa wa shiga sarƙaƙiya. Wajen ƙaya ba a fin sa, ba ya ƙara sosai, in ya tsufa kuma ana sake shafa masa kaki ya farfaɗo. Ba ya tare ruwa ɗari bisa ɗari in an daɗe ana tafka shi, yana da nauyi, cikin zafin rana kakin kan yi laushi ya kama ƙura. Amma ga raɓa da yayyafi ya wadatar.

Abin da ke rubuce a takarda

Kar a raina ɗan ƙyallen nan da ke liƙe a ƙugun wando ta ciki. In ba ka karatun Faransanci, ka tafi da ɗan lakwal ya duba maka. Kalmar imperméable na nufin ruwa ba ya shiga. Kalmar déperlant kuwa nufinta ruwa na gangarewa bisa yadin na ɗan lokaci, in ya daɗe zai ratsa. Kayan da suka biyo ta Najeriya da Ingilishi ake rubuta su, waterproof shi ne na farko, water-resistant na biyu. Mai kanti duka biyun wandon ruwa zai ce maka.

Wani lokaci za ka ga lamba kamar 5 000 mm, 10 000 mm ko 20 000 mm. Gwaji ne da ake yi da matsin ruwa: a ƙaddara an tsayar da bututu bisa yadin ana zuba ruwa, tsawon da ruwan ya kai kafin ya fara ɗiga ta ƙasa shi ne lambar. 10 000 mm ke nan mita goma. Ruwan sama da kansa ba ya matsa yadi haka. Abin da ke tura ruwa ciki shi ne durƙuso bisa jiƙaƙƙiyar ƙasa, da zama, da gogar rassa. Ga maharbi 10 000 ya isa. Mu dai ba mu ga dalilin ƙara kuɗi don neman 20 000 ba, tun da rami ɗaya na ƙaya ya mayar da su duka sifiri.

Lambar da ta fi wannan amfani a dajinmu ita ce ta kaurin zare, wadda ake rubutawa da harafin D: 40D, 70D, 300D, 500D, 1000D. Ma'anarta nauyin zaren a giram in tsawonsa ya kai mita 9 000. Wandunan ƴan yawon hawan dutse, waɗanda ake naɗewa su shiga aljihu, yawanci 20D ne zuwa 40D. A bar wa masu su. Daga 150D zuwa 300D an fara magana. A gwiwa, gaban ƙwauri da mazaunai kuwa a nemi 500D ko fiye, irin yadin Cordura da ake jakar soja da shi. In zaren ɗaya ne, nailan ya fi foliyesta jure goga, ita kuma foliyesta ta fi jure rana ba ta kuma shan ruwa kamarsa. Akwai saƙar da za ka ga ƙananan gidajen dara a jikinta, zare mai kauri ne aka ratsa don in yadi ya tsage tsagar ta tsaya a gida guda. Tana da amfani, amma ba ta hana huda.

Kayan ma'aikata na Turai kan zo da hoton laima, an rubuta EN 343 da lambobi biyu a gefe. Ta sama tare ruwa ce, ta ƙasa fitar da zufa. A tsofaffin kaya 3 ce ƙarshe, a sababbi 4. Wandon da ke da 3 a sama da 1 a ƙasa ruwa ba zai shiga ba, amma ka shirya wanka da gumi.

Ɗinki da yanka

Yadi mai kyau da mugun ɗinki asara ne. Kowace huda ta allura ƙofar ruwa ce, shi ya sa wandon kirki ake bin kowane ɗinki ta ciki a liƙa masa wani siririn tef da zafi, na PVC kuma ƙona shi ake yi ya haɗe ba tare da zare ba. A juya wando a bi ɗinkin da yatsa tun daga ƙugu har ƙasa. Wasu kamfanoni manyan ɗinkuna kawai suke liƙewa su bar sauran. Wurin da ya fi saurin mutuwa shi ne hantsa, inda ɗinki huɗu suka gamu. Wandon da aka sa wa ƙarin ƙyalle mai siffar lu'ulu'u a hantsa ya fi daɗewa nesa ba kusa ba, don nauyin tsugunno ba ya taruwa a wuri guda. Telolinmu sun san wannan tun a wandon gargajiya.

Girma: a saye shi da ɗan yalwa, yadda zai hau bisa wani wandon, amma kar ya yi buje. Duk yadin da ya yi saura yana lilo, ƙaya yake kira, ƙara kuma yake yi in cinya ta gogi cinya. A gwada shi a tsuguna, a ɗaga gwiwa har ƙirji, a yi dogon taki kamar mai tsallake kwazazzabo. In ya ja a gwiwa ko ya zame a baya, ba naka ba ne. Robar ƙugu kaɗai ba abin dogaro ba ce a ƙasar zafi, da wuri take saki. A nemi mai ƙubaka da mazagi, ko mai wurin bel. Mai ƙirji da igiyar kafaɗa yana hana ruwan riga gangarowa cikin wando, sai dai ya fi zafi.

Zif na gefe shi ne abin da muke ganin ya cancanci ƙarin kuɗi. Wanda ya taso daga ƙasa zuwa gwiwa yana ba ka damar sa wando da tuɓe shi ba ka cire takalmi ba. Wanda ya kai cinya, mai buɗewa ta sama, taga ce: ruwa na ɗaukewa ka zuge, iska ta shiga. Wannan ya fi kowane tantani fitar da zufa a yanayinmu. Sharaɗi dai ya kasance da marfin yadi a kansa, haƙoransa kuma manya, don yashi da laka na kashe ƙaramin zif cikin ƴan kwanaki. Abin mannewar nan mai ƙaiƙayi da ake sa wa a bakin ƙafa kuwa, ƙarangiya da ƴaƴan haki na cika shi ya daina kamawa; maɓalli mai ƙyas ya fi shi. Aljihu kuma, gwargwadon ƙarancinsu gwargwadon ƙarancin yoyo.

Bakin ƙafar wando a waje da takalmin ruwa yake zama. In ka cusa shi ciki, duk ruwan da ya gangaro cikin takalmin zai tare.

Sai maganar ƙara. Kamfanonin kayan farauta sun yi dabarar sa wa wando wani gashi-gashi mai laushi a waje don kar ya yi kwaram-kwaram ya kori nama. A dajin Turai dabara ce mai kyau. A nan kuwa ka ratsa gonar ƙarangiya da shi sau ɗaya, ka samu aikin dare, kuma kowace da ka cire da ɗan gashin yadin take tafiya. Gashin kuma na shan ruwa ya yi nauyi. Gara mai santsi, a haƙura da ƴar ƙarar. Tana raguwa in an yi wanki biyu ko uku, cikin jiƙaƙƙen daji ma ba ta kai yadda ake jin ta a kanti ba.

A gaban mai bosho

Sau da yawa wandon ma'aikatan Turai ko na maharbansu da ya faɗo cikin dilar bosho ya fi sabo na leda ƙarko. Amma bosho caca ce, sai da ido. A ɗaga shi sama a duba ta ciki wajen rana, duk inda haske ya ɓullo rami ne. A kankari shafen ciki da farce. In ya yi danƙo, ko ya tashi fari-fari, ko ka ji wani wari mai tsami, a ajiye shi ko nawa aka rage. A ja bakin tef ɗin ɗinki a hankali a gani ko yana ɗagowa. A kafa baki bisa yadin a hura da ƙarfi: in iska ta wuce salin-alin, ruwa ma zai wuce. In mai kayan ya yarda, a yi ɗan ƙoƙo da gwiwar wandon a zuba ruwan leda guda, a murɗe a matsa, a duba bayan. Wanda ya ƙi a gwada kayansa da ruwa ya riga ya ba ka amsa.

Ba laifi ba ne kuma mutum ya zo da ƙarangiya biyu uku a ƙulle cikin takarda ya ɗora bisa yadin ya gani ko za ta kama. Ƴan kasuwa za su yi dariya, su yi ta yi.

Wajen kuɗi, a yi lissafi da damina, ba da ranar saye ba. A misali, wandon jikka uku da za ka sake saye sau uku kafin kaka ya fi na jikka takwas da zai kai ka damina biyu tsada. Araha ba ta ado, a daji kuma ba ta ƙarko.

Dabarar raba aiki biyu

Ga wanda tafiyarsa ta fi zamansa yawa, shawararmu ita ce ya koma ga hikimar walki da kabido, ya raba aikin. Ya samu wando mai ƙarfi na kaki ko na ma'aikata wanda ke saurin bushewa, ya kai wa tela ko mai ɗinkin tampol ya ɗora masa yadi mai hana ruwa a gaba kawai, daga tsakiyar cinya zuwa ƙasa, ya zagaye ƙwauri duka. Raɓa da ƙaya ta gaba suke zuwa. Baya ya zauna a buɗe jiki ya sha iska. Maharban tsuntsaye a Amurka abin da suke sawa ke nan, wasu ma ƙafafu biyu ne kawai ba mazaunai, ana zura su bisa wando a rataye a bel, da raɓa ta kaɗe a tuɓe a naɗe. Kowane tela na iya yin su in an kwatanta masa. Sai a riƙe wani wandon ruwa marar nauyi cikin burgami, wanda ba za a fito da shi ba sai hadari ya haɗo an samu wurin fakewa. Ta haka mai tsadar ba ya haɗuwa da ƙaya, mai shan ƙayar kuma ba shi da tsada.

Jin, wato wandon kaboyi, ba ya cikin wannan lissafi. Yana jure ƙaya, gaskiya ne, amma in ya jiƙe yini yake bai bushe ba, yana kuma saɓule fatar matsematsi. Abin da za a sa ƙarƙashin wandon ruwa ma ya zama marar nauyi mai saurin bushewa, irin dogon wandon ƴan ƙwallo. Kar a sa roba bisa fata tsirara, ƙuraje da ƙaiƙayi ke biyo baya.

Launi

Ruwan ƙasa, kore mai duhu ko toka-toka sun wadatar. Tsuntsu na ganin launi sosai, amma motsi ya fi tona maharbi. Abin da muke so a kiyaye shi ne yadin dabbare-dabbare irin na soja, wanda ya yi yawa cikin kayan farauta na bosho. A dazukan iyaka, wajen Madarunfa, Baban Rafi da Gidan Runji, inda matsalar ƴan bindiga ta addabi jama'a, mutum ɗauke da bindigar toka sanye da kayan da suka yi kama da na soja yana sa kansa tsaka mai wuya: jami'an tsaro na iya ɗaukarsa wani abu, mutanen ƙauye su ɗauke shi wani abu, ɓarayin daji su ma haka. A Najeriya an hana farar hula sa kayan soja, ga shi kuma a wancan daji ba kullum mutum ke sanin ya tsallaka iyaka ba. Babu zabon da ya kai wannan kasada. Masu farautar gayya kuma, inda mutane da yawa ke kutsawa cikin duhuwa lokaci guda, gara ma abokan tafiya su dinga hango ka. Hula mai haske na taimakawa.

Abin da wandon ba ya yi

Ba ya tare haƙorin maciji. Yadi mai kauri da yalwa na iya rage sara, amma kububuwa da kasa a ƙafa da idon sawu suka fi sara, nan kuwa aikin takalmi ne mai tsawo da kauri. Wanda aka sara a gaggauta kai shi gidan likita, kar a tsaya tsaga wurin ko ɗaure shi tamau. Haka kuma wandon ruwa ba na shiga tabki ba ne. Da ka taka ruwan da ya wuce bakin takalmi ta ƙasa zai cika shi, ruwan tabki da na fadama kuma shi ke ɗauke da tsargiya. Wandon da ya haɗe da takalmi na masunta shi ne na wannan aiki, shi ma a ruwa mai zurfi ko gulbi mai gudu haɗari ne, don in ya cika mutum ba ya iya fitowa da sauƙi. Kaska kuwa na hawowa ta ciki abinta, sai a duba jiki in an dawo.

Wanki, faci da ajiya

Sabon wando za ka ga ruwa na dunƙulewa a kansa yana gangarewa kamar bisa ganyen gwaza. Wani magani ne aka fesa wa yadin waje, kuma goga da datti na kashe shi. In ya mutu yadin waje sai ya sha ruwa ya yi nauyi, zufa ta kasa fita, ko da tantanin ciki lafiya lau yake. Wanki na farfaɗo da shi: ruwa mai ɗan ɗumi, sabulu kaɗan marar ƙarfi, a ɗauraye sosai har kumfa ta ƙare. Ban da ruwan jabel, ban da burushi mai ƙarfi, ban da murɗa, ban da bugu bisa dutse. A shanya a inuwa. In takardar wandon ta yarda da guga, a ɗora wani ƙyalle a bi da dutsen guga mai ɗan ɗumi, zafin na tayar da maganin. Dutsen gawayi ba a iya ƙayyade zafinsa, a bar shi. PVC kuwa ko kusa kar guga ta je.

Rami ƙarami a toshe shi tun yana ƙarami. A wanke wurin, a bar shi ya bushe ƙayau, a yanko faci mai zagayayyen baki wanda ya zarce ramin da kamar yatsa biyu ta kowane gefe, a liƙa ta ciki, in wurin goga ne a ƙara wani ta waje. Sholishon mai facin taya an yi shi ne don robar tayar, ba ya riƙe nailan ko PVC da kyau. Gam ɗin masu gyaran takalmi ya fi kamawa: a shafa wa ɓangarorin biyu, a jira ya sha iska, a haɗa a danne da abu mai nauyi ya kwana. In tsagar doguwa ce sai an ɗinke tukuna, sannan a rufe ɗinkin da faci ta ciki, in ba haka ba ta ramukan allurar zai yi yoyo. Kar a jefar da tsohon wandon da ya mutu, shi ne ma'ajiyar faci na sabon.

Zif a kakkaɓe masa yashi da tsohon burushin haƙori, a goga masa kyandir. In damina ta wuce, a tabbata wandon ya bushe ciki da waje kafin a ɗauke shi. Kar a dunƙule shi cikin leda, kar a bar shi ƙarƙashin sirdin babur ko saman rufin kwano inda zafin Afrilu zai narkar da tef ɗin ɗinkinsa. A rataye shi a sake cikin ɗaki mai iska, nesa da buhun hatsi, saboda ɓera.